Jiran Kibod ɗin Abban Munira

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau ma sun taru a gindin darbejiyar ƙofar gida. Abban Munira, da amininsa Malam Yahuza, da Zuhair mai koyar da kwamfuta. Maza uku da gemunsu sun kafa kai a kan waya ɗaya suna sauraron ƙara. Ba karatu ba, ba labarai ba. Ƙarar wani Bature da ke danna kibod a wata uwa duniya. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Na kai musu zoɓo, ba wanda ya ɗago, sai Malam Yahuza da ya ce, "Maimaita wajen nan."

Wai wani ƙaramin kamfani ne a waje yake sake ƙera irin kibod ɗin da, mai jikin ƙarfe, kowane madanni da wayarsa a ƙasa mai turo yatsa. Ba a samunsa a kanti. Sai mutane sun yi rajista sun taru da yawa sannan a ƙera. Su ukun sun sa suna tun bara, har yau shiru.

Na ce masa wannan ai jiran gawon shanu ne. Ya yi murmushi kawai. Na ce to in ma ya zo a zaure zai zauna, ba mai cika min falo da ƙara ina duba littattafan ɗalibai.

Talata, 15 ga Afrilu

An ɗage kuma. Wai fentin madannan bai fito yadda na asali yake ba. Fenti fa!

Lahadi, 4 ga Mayu

Na zauna ina tunanin mutumin nan. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin ya ƙwallafa rai a kan wani abin duniya ba. Babur ɗinsa ya tsufa, ko a jikinsa. Waya sai da Munira ta matsa kafin ta koma makaranta sannan ya canza. Ga shi yanzu da furfurarsa yana duba saƙo tun bai gama lazimin safe ba.

Na san dai buga takarda ita ce rayuwarsa. Da tafireta ya fara a sakatariya tun jihar tana sabuwa. Da kwamfuta ta zo, irin wannan kibod ɗin aka fara ajiye masa, kuma har gobe yana ba da labarinsa kamar wani ɗan'uwa da ya rasu. Mutum ne da ake cewa in ya buga wasiƙa ba sai an duba ba, hannu kawai za a sa. Saura shekara biyu ya yi ritaya.

Wataƙila tsufa ne ke zuwa masa da kewar da. Ni ma ai na ƙi rabuwa da tukunyar ƙasar Inna, ga firji a gidan.

Laraba, 21 ga Mayu

Ya daina shan fura da ludayi. Sai ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya kafa kai. Na ce, "Bafillatani guda, yau kuma shan 'yan tasha?" Ya ce ya fi daɗi a haka. Dariya na yi.

Kwana biyu kuma a ɗaki yake cin abinci, wai zafi.

Asabar, 7 ga Yuni, Aujara

Jiya aka yi Babbar Sallah. A gida muka yi, wajen Dada, mahaifiyarsa.

Ban san ta inda zan fara ba.

An dawo daga idi, an kayar da rago, ƙaninsa Sagiru ya danne. Abban Munira ya karɓi wuƙa kamar kowace shekara, ya tsuguna. Ina tsaye bakin rumfa da ƙwaryar ruwa. Sai na ga bakin wuƙar yana rawa. Ba sosai ba, amma yana rawa. Ya daɗe a tsugune. Can sai ya miƙe ya ba Sagiru wuƙar, ya ce, "Na wakilta ka, kai ma ka fara koyo." Sagiru da ya shekara ashirin yana yanka nasa! Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, ya zura hannun a aljihu.

Wallahi nan take na gane. Maganar fura ta faɗo min a rai. Cin abinci a ɗaki. Rigunan da ya daina sawa, duk masu ƙananan maɓallai ne. Ni kuwa ina gefe ina tsokanarsa.

Da yamma ina taya Dada gyaran kayan ciki, ba ta kalle ni ba ta ce, "Kin gani ko?" Na ce na gani. Ta ce haka babansa ya yi, daga tatsar shanu aka gane, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa furtawa ba. Ta ce, "Kada ki tambaye shi. Irinsu in ka tambaya ka tuɓe su ne a kasuwa."

Na ce to, Dada. Amma raina bai ce to ba. Babansa a ruga ya yi nasa, babu asibiti kusa. Mu kuwa a Dutse muke.

Litinin, 9 ga Yuni

Mun dawo. Na kwashe ludayin daga cikin kwanukansa na jefa bayan kabad, kada ya riƙa ganinsa.

Alhamis, 26 ga Yuni

Malam Yahuza ya zo bai same shi ba. Muka gaisa a zaure. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Malam, don Allah me ke cikin kibod ɗin nan ne?" ba.

Ya fara yi min irin bayaninsu, nauyi kaza, ƙara kaza. Sai ya ce, "Na yanzu ko ƙuda ya sauka a kai sai ya rubuta. Wancan kuwa sai kin danna da niyya." Daga nan ya shiga gyara hula. Ya gane ya yi suɓul da baka.

Na ce, "Na sani, Malam. Na gani ranar Sallah."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya faɗa min sauran. A ofis yatsun Abban Munira suna taɓa madannai ba da saninsa ba, harafi ɗaya ya fito sau uku. Yana bi yana gyarawa, aiki yana jinkiri, wani lokacin kuskure ya kuɓuce masa. Sabon shugabansu ya kira shi ya ce in abin bai gyaru ba zuwa ƙarshen Satumba, za a mayar da shi ɗakin ajiye fayil a ba wani kujerar. Ba kora ba ce. Amma mutumin da ya shekara talatin da wani abu a kan kujera ɗaya, a ce ya ƙarasa yana kakkaɓe fayil, kowa ya san dalili?

Malam Yahuza ya ce shi da Zuhair sha'awa ce kawai. Ya ce, "Shi kaɗai ne a cikinmu yake jira da gaske."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Aboki ya sani, ni da nake wanke masa kwano ban sani ba. Na shiga kicin na yi kukana na gama kafin ya dawo.

Asabar, 12 ga Yuli

Sun taru. Na kai zoɓo a gora mai murfi maimakon kofi. Na tsaya na ce a kunna min ƙarar in ji. Duk suka juyo suna kallona. Zuhair ya ce, "Lallai Hajiya ta shigo ƙungiya!"

Ba daɗi dai. Kamar ana fasa gyaɗa.

Amma na kalli fuskar Abban Munira yana sauraro. Idonsa a rufe, yatsunsa suna bi a kan gwiwa.

Litinin, 4 ga Agusta

Wai an ɗora a jirgin ruwa. Na sa Munira ta nuna min a waya yadda ake bin sawun kaya. Ta ce, "Umma, ke ma?" Na ce ke dai nuna min, ban da surutu.

Yanzu ni ce mai dubawa kafin in ɗora koko. Allah Ya kyauta.

Laraba, 27 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ya dawo a jiƙe, ya wuce ɗaki. Abincin ya dawo yadda na kai shi.

Kayan na Legas sun maƙale, ba wanda ya san ranar fitowa. Saura wata guda.

Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarsa da niyyar in ce, "Na sani, mu je asibiti." Sau biyu maganar Dada tana dawo da ni. Ina ta tambayar kaina, shirun nan da nake yi, mutuncinsa nake karewa ko tsorona? Ƙarfe dai ba magani ba ne. Ko ya zo, hannun yana nan yadda yake. Amma in na tare shi yanzu, na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana riƙe da shi, wato cewa ba wanda ya sani a gidansa.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Nawa dai ya cika.

Asabar, 13 ga Satumba

Ya iso!

Zuhair ne ya ɗauko daga Kano, kwali uku a bayan mota. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Malam Yahuza har da kabbara. Na ɗaga ɗaya in ji, kai, kamar dutsen niƙa. Launinsa kuma kamar tsohon haƙori. Wannan aka shekara ana jira.

Abban Munira ya ɗauki nasa ya nufi zaure, ya fara jan benci. Na ce, "Ina kuma za ka?" Ya ce, "Ba nan kika ce ba?" Na ce zauren yana yoyo, ya kawo falo kafin ruwa ya lalata musu dukiya.

Zauren ba ya yoyo. Ya san ba ya yoyo, shi ya gyara rufin bara.

Lahadi, 21 ga Satumba

Kullum yana ɗaure shi a bayan babur ya kai ofis, ya dawo da shi da yamma ya yi ta gwaji a falo. Gidan nan ya zama kamar wajen masu fasa dutse.

Na gano wani abu. Madannin gogewa ƙararsa daban ce, ta fi sauran kauri, kuma in zai danna shi sai ya ɗan tsaya tukuna. Daga kicin ina jin komai. In hannun ya kwana lafiya, sai ƙarar ta yi ta zuba ba tsayawa. In bai kwana lafiya ba, sai in ji tafiya kaɗan, tsayawa, ƙwas, ƙwas, baya. Abin da ya ƙi faɗa min wata da watanni, ga ƙarfe yana faɗa min da ƙarfi har maƙwabta na ji.

Ya ragu, gaskiya. Ranar Alhamis har na ji yana ɗan waƙe-waƙe. Amma in la'asar ta yi hannun yana gajiya, gogewar ta yi yawa.

Asabar, 4 ga Oktoba

An bar masa kujerarsa. Malam Yahuza ne ya faɗa min a waya. Shugaban ya ce aiki ya gyaru, sai dai 'yan ofis suna kukan ƙara. Alhamdu lillahi.

Na zaci zan ga murna. Da hantsi ya zauna bugu, sai na ji gogewa, gogewa, gogewa. Daga nan shiru. Shirun ya yi tsawo har na kashe risho. Na dama fura na kai masa.

Yana zaune ya ɗora hannun a kan cinya, a fili, bai ɓoye ba. Ya ce, "Safiyatu, kina jin komai daga can ko?" Rabon da ya kira sunana har na manta.

Na ce ina ji.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun rago.

Ya gyaɗa kai. Ya kalli kwanon ya ce, "Ina ludayina?"

Sai da na durƙusa na laluba bayan kabad, na wanko shi. Ya sha a gabana. Rabi a baki, rabi a gaban riga. Ban kawar da kai ba, ban kuma miƙa tsumma ba. Da ya gama ya ce, "Jibi in kin tashi daga makaranta, ki raka ni wajen likita."

Na ce to. Wannan karon har raina.

Talata, 7 ga Oktoba

Mun je. An ba da magani, an ce mu je Kano a yi gwaji. Likitan bai yi mana alkawarin komai ba. Ban gaya wa Dada ba tukuna.

Yana falo yanzu yana ta ƙwas-ƙwas ɗinsa. Littattafan 'yan aji huɗu na gabana tun ɗazu, ban wuce na uku ba. Har yanzu ban ce ƙarar tana da daɗi ba.

Na bar ƙofar kicin a buɗe dai. Saboda hayaƙi.