An rufe rijiyar Baba

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Agadas, yaya Rakiya da yara? Da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Mu nan Harobanda jiki lafiya, rai ne dai a ɓace.

An rufe rijiyar da Baba ya haƙa. Masana ruwa sun auna ta, suka ce maganin wankin tufafi da mai presin, shagon wankin kaya na bayan gidanmu, ya yi shekaru yana zubarwa a rami ya tsiyaya har cikin ruwan ƙasa. Ka tuna sau nawa Inna ta ce wa mai shagon ruwanmu yana wari, ya yi mata dariya? Yanzu ya buɗe sabon shago a unguwar Filato, ko sannu bai aiko ba.

Shekaranjiya masanan suka dawo, suka huda ƙasa, suka ɗura ruwan sukari da wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Wai su za su cinye gubar a hankali. Inna ta tambayi shugabarsu, “Ƴata, yaushe zan sha?” Matar ta sunkuyar da kai, ta ce, “Hajiya, sai an yi shekaru.”

Washegari na tarar da Inna ta wanke guga, ta naɗe igiya. Ta miƙo mini, ta ce in ajiye wa jikokinta. Yaya, na kasa kallon idonta.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya bi mana haƙƙinmu. Ka gaida Kawu Manzo, amma kar ka gaya masa zancen rijiyar tukuna.

Ƙanwarka,
Hadiza