Na Faɗa Musu Zancen Kafaɗarka

Unguwar Bakin Ruwa, Lagdo,
Ran Litinin.

Zuwa ga Hamma Sali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Bappa Hamaselbe da Goggo Diddi da duk mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a ɗinkin da kake koyo, ya tsare ka a fili da wajen fili. Mu nan muna lafiya. Baaba ya saba da sabon asibitin da yake aiki, sai dai ya ce masu zuwa da ƙugiyar kamun kifi a yatsa sun fi masu zazzaɓi yawa. Ƙafar Dada ta yi sauƙi, har kasuwa take zuwa da kanta, amma har yau ba ta daina cewa komai na garin nan ƙarni yake yi ba, har ruwan shayi. Ni kuma na shiga aji ɗaya a kwaleji. An sa ni a benci na biyu, kuma malamin lissafi bai san muryata ba tukuna.

Hamma, sau biyu Baaba ya miƙo mini waya in gaishe ka, duka biyun ka ce me ya sa nake magana kamar mai ciwon haƙori. Ba haƙori ba ne. Akwai abin da na yi maka, kuma ba zan iya faɗa Baaba yana zaune kusa ba. Wannan ce takarda ta uku da na yago daga littafina, biyun farko na sa su a murhu. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ka san halina. Da muka zo na yi wata biyu ban yi magana da kowa ba in ba gaisuwa ba. In na je famfo sai in tsaya a bayan layi, 'yan matan unguwa suna ce mini 'yar gyaɗa saboda sun ji daga Gidar muke, garin noman gyaɗa. Polin ce ta fara kula ni, 'yar maƙwabtanmu, mamarta tana banda kifi. Wata Lahadi ta leƙo ta katanga ta ce wai zan ruɓe a ɗaki kamar albasa, in ɗauko mayafi mu je kallon Giwan Ruwa, ƙungiyar ƙwallon garin. Na bi ta don kada ta ce na raina ta. A zuciyata na ce ni 'yar Duwatsun Gidar ce, wana ne ma mai tsaron gidansu, me waɗannan masu warin koma za su nuna mini. Ranar laifinsu kawai nake ƙirgawa. Golansu yana fitowa da nisa, na ce da kai ne da ba ka yi haka ba.

Na sake zuwa, na kuma sake. A wasa na uku ana kunnen doki har alƙali ya fara duba agogo, sai mai lamba tara ya sa kai ya jefa ƙwallo a raga. Sunansa Abakaka, amma Tarwaɗa ake ce masa, don ba ya riƙuwa. Ban san lokacin da na yi ihu ba. Da na dawo hayyacina sai na gan ni rungume da wata mata mai sayar da ƙosai wadda ban taɓa gani ba, takalmina ɗaya ya ɓata. Har muka isa gida ina jin kunyarka, kamar kana bayana kana kallona. Amma Lahadi ta gaba ni na riga Polin shiryawa. Yanzu na san sunayensu duka, har na benci. In an ci su ba na iya cin tuwo.

Akwai wata al'ada a nan da babu ita a wajenmu. Ba a kai rigunan 'yan wasa wurin mai wanki. 'Yan matan unguwa ne suke wankewa a bakin ruwa ran Alhamis, kowace da rigarta, kuma ran wasa ita za ta miƙa wa mai rigar hannu da hannu. Sun ce abin da ke zuciyar mai wankin yana bin rigar. Dada ta ce camfi ne, Baaba ya yi dariya ya ce aƙalla ana samun riga mai tsabta. Mai raba rigunan ita ce Adda Falmata, babbarmu, wadda in ta yi magana a wannan gaɓar ana ji a wancan. Da mai wanke lamba tara ta tafi Garwa, Polin ta roƙa mini. Adda ta dube ni sama da ƙasa ta ce to, a gwada 'yar gyaɗa, in ya kasa ci sai a mayar da ita buhunta. Hamma, wasa biyar na wanke rigar nan, wasa biyar yana ci. Aka daina barina a bayan layi a famfo. Aka ɗinka mini ankon shuɗin zane irin nasu.

Sai aka yi ƙuri'ar kofin lardi, muka ji a rediyo cewa Duwatsun Gidar za su zo Lagdo. Dada ta yi guɗa don za ta gan ka. Washegari Adda Falmata ta shigo gidanmu, ta gaida Dada da kyau, ta wuce igiya ta cire rigar. Ta ce wai ba ƙiyayya ba ce, amma ba a ba ƙanwar gola rigar mai cin gola, kowa ya san inda zuciyata za ta kwanta. Kwana huɗu ba wadda ta kira ni. Ko Polin sai ta gaishe ni ta katanga ta yi sauri ta sauka. Na koma bayan layi.

Ran Alhamis na kasa zama. Na ɗauki kwanukan Dada na tafi bakin ruwa kamar wanke-wanke ya kai ni, na tsuguna nesa da su. Suna wanki suna zancenka. Wata ta ce an ce golan Gidar wasa bakwai ba a ci shi ba. Wata ta ce a rage murya, ga rediyon Gidar can tana ɗauka. Adda ta ce a bar ta, ai ko yanka ta aka yi man gyaɗa ne zai fito. Suka yi ta dariya, ina ganin rigata a hannun wata tana murza ta kamar tsumma. Ban shirya ba, Hamma, Allah ya sani. Bakina ne kawai ya buɗe. Na ce in da ni 'yar leƙen asiri ce da ban gaya musu cewa golan nan ba ya iya ɗaga hannun hagu ya wuce kunnensa ba. Na ce tun da ka faɗi a babur bara kafaɗar ba ta koma daidai ba, ni nake shafa maka man kaɗanya a bayan ɗaki, kuma ko kocinku bai sani ba. Duk abin da ka sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har Dada, na zazzage shi a gaban mutum goma sha ɗaya.

Suka taso suka kewaye ni. Adda ta karɓo rigar ta ɗora mini a kafaɗa, ta ce daga yau duk wadda ta sake ce mini 'yar gyaɗa da ita take. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗin ya raka ni daga bakin ruwa zuwa ƙofar gida. Ina shiga na tarar da Dada tana jera abin da za ta dafa maka, tana tambayata ko har yanzu kana son miyar yakuwa da kifi. Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗauki littafi sai in ajiye, in na fara shara sai in tsinci kaina a ƙofa. Na zuba gishiri a kunu. Dada ta taɓa goshina ta ce ko Baaba ya duba ni.

Kafin Asabar sun yi waƙa a kan kafaɗarka. Ba zan rubuta ta ba. Ka san 'yan matan nan bayan ragar baƙi suke tsayawa su yi ta yi wa gola waƙa har ya rikice. Wannan da sauƙi. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne abin da Polin ta jiyo wurin wanta. Wai Tarwaɗa ya ce a teburin mai shayi, bugun kwana na farko da za a yi zai tashi sama tare da kai ya gaisa da kafaɗar nan, daga nan sai dai a kawo golan benci. Na ruga wurin Adda na ce ƙarya na yi, kafaɗarka lafiya lau take. Ta ce wai ƙanwata, ranar da kika faɗa idonki a bushe yake, yau ga shi kina kuka, wanne kike so in yarda da shi.

Jiya da safe na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Na sa rigar a leda, na ja Polin muka tafi inda jiragen masunta suke tsayawa. Tarwaɗa yana zaune yana gyaran koma tare da babansa da wasu dattawa biyu. Na gaishe su. Ya ce a'a, mai hannun sa'a ce da kanta, ko an rasa sabulu ne. Na miƙa masa ledar na ce ga rigarsa, ya nemi mai wankewa. Na ce golan Gidar wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya ni, kuma ba zan wanke rigar da za a karya shi da ita ba. In kuma aka tilasta mini zan wanke, amma ya san abin da zai kasance a zuciyata ina wankewa. Polin tana riƙe da bayan zanena.

Ya fara dariya, sai ya ga babansa bai yi ba. Tsohon ya ce masa wai kai da ake ba ka riga da hannu biyu, da kafaɗar mutane za ka ci kofi? Ɗaya dattijon ya ce a bar shi, wataƙila ƙafar ce ta ƙare. Tarwaɗa ya sosa kai ya ce zancen shayi ne kawai. Na ce to ya rantse. Ya rantse da Allah a gabansu cewa ba zai taɓa jikinka ba, kuma tunda shi ne kyaftin zai hana sauran. Amma ya ce in sani, ƙwallo ba ta rantse ba. Duk wadda ya samu sama ta hagu zai aika ta, wannan halal ɗinsa ne, tunda ba shi ya tambaye ni ba. Gaskiya ya faɗa. Na karɓi ledata muka dawo.

Daga can na wuce wurin Adda Falmata na gaya mata zan rubuta maka komai, don ba na so a ce na yi a ɓoye. Na ɗauka za ta karɓe zanen ankon. Sai ta ce in rubuta, ai kafaɗa ba ta warkewa a kwana bakwai. Ta ce amma ran Lahadi ina bayan raga tare da su, ba zancen fakewa da ciwon kai.

To ka ji, Hamma. Jikinka na samo maka rantsuwa a kansa, iyakar abin da na iya ke nan. Sirrinka kuwa na zubar, ba ni da yadda zan kwaso shi. Duk Lagdo ta san sama ta hagu. Ko za ka gaya wa kocinku da bakinka kafin ya ji a waƙa, ko za ka sa mai tsaron baya ya riƙa rufe maka wannan gefen, kai ka fi ni sani. Na san kana tsoron a ajiye ka a benci, kuma in hakan ta faru ni na jawo. Ban gaya wa Dada ba har yanzu. Amma ina roƙonka in ka zo ka bar Baaba ya duba kafaɗar, man kaɗanya ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Akwai sauran abu ɗaya, kuma ya fi mini wuyar rubutawa. Na zauna na tambayi kaina wa nake so ya ci, ina fatan amsar ta zama Gidar. Ba ita ba ce. Ina so Giwan Ruwa su wuce, kuma ba na so a ci ka ko ɗaya. Polin ta ce lissafin nan ba ya fita, na ce na sani.

Ka gaishe mini da Bappa Hamaselbe da Goggo Diddi, ka ce wa Goggo kifin bandar da ke cikin kwalin da muka aiko nata ne, Dada ce ta zaɓa. Ka gaida Adda Jaili da jaririnta, da Kawu Yugguda, da Astajam ƙawata, ka ce mata ban manta ta ba. Baaba da Dada suna gaishe ka, ba su san abin da ke cikin takardar nan ba. Direban motar kifi zai ba ka ita hannu da hannu, don haka na roƙe shi.

Ran Lahadi in ka shiga raga ka waiwaya, za ka ga 'yan mata masu shuɗin zane suna tafi. Wadda ba ta waƙa ni ce. In ka yafe mini ka ɗaga mini hannu, na dama ya isa. In kuma lamba tara ya ci ka ji wata murya da ka sani a cikin ihun, ka haɗa da wannan ma ka yafe.

Ƙanwarka,
Dudu.