Kafin a Rufe Akwatin Torvald

Falköping, Afrilu

Yaya Majken,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Na san ba za ki iya tafiyar ba, kada ki damu.

Kin ji yadda aka tsinci gawar mijina Torvald a bakin tafki, inda yake kallon gauraki. Jana'iza sai ƙarshen wata. Mai shirya gawa ya tambaya ko ina son ganinsa kafin a rufe akwati ranar Juma'a. Na ce zan yi tunani.

Ina ci, ina barci, ba na jin komai. Kalmarsa ɗin nan ce kawai take mini yawo a ka, skåda. Kin tuna dariyar da muke masa? Inda kowa zai ce ya gani, shi sai ya ɗauko wannan kalmar ta tsohon littafin waƙoƙin coci. Wai gani na kowa ne, amma skåda sai ka tsaya cik har abin ya shige ka. Shekara da shekaru yana jana bakin ruwa, ni kuwa kofi kawai nake zuwa sha.

Ɗanmu Ebbe ya ce kada in je, in riƙe fuskar da na sani. Ni dai ina ganin sau ɗaya ya kamata in yi masa irin kallonsa.

Ƙanwarki,
Gunvor

Yaya,

Ina gaishe ki, yaya jikin?

Na je. Ɗaki ne fari, da kyandir biyu. Sai da na shiga na gane na bar tabarauna a kan teburin kicin. Daga bakin ƙofa abin da nake hange farin ƙyalle ne da wani duhu-duhu wajen kai. Taku kaɗan ne tsakaninmu, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na tsaya ina jira in ji wani abu, ban ji ba.

Mai shirya gawar yana gefe ya haɗa hannuwa, wasu kuma na jira a waje. Can ya ce a hankali, “Kin gama, ko in ƙara miki lokaci?”

Kin san mu da gudun takura wa mutane. Na ce na gama, na gode. Ina saka rigar sanyi na ji an ɗora murfin.

Da yamma Ebbe ya kira yana tambayar yadda fuskar babansa take. Na ce kamar mai barci. Ke kaɗai kika san ban gan shi ba.

Ki huta lafiya.

Taki,
Gunvor