Ayu a Ƙasan Madatsa

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan gwiwar nan ta yi sauƙi, matakalar wurin aiki ba ta sake tayar da ita ba. Na san za ka yi dariya, wasiƙa daga wadda kuke gida ɗaya. Amma ka san bakina, in na tsaya gabanka sai magana ta maƙale.

Baba, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata biyu ke nan ba gidan ƙawata nake zuwa bitar karatu ba. Gindin wani dutse nake zuwa, ƙasan madatsar ruwanku, in ɓuya in karanta littattafan soyayyar da ka hana ni.

A can na gan ta. Ina tsakiyar shafi na ji numfashi, fuuu, kamar Kaka in ta sauke kaya. Hanci ya fara ɓullowa, sai baya mai ruwan toka, ya fi tabarmarmu tsawo. Ayu ce, Baba! Dabbar da malaminmu ya ce ta kusa ƙarewa, shi kansa a hoto ya san ta. Ga ɗanta maƙale a hammatarta yana shan nono. Ta dube ni da 'yan idanu kamar maɓalli. Ban san lokacin da littafin ya faɗa ruwa ba. Duk samarin cikinsa babu wanda ya taɓa sa zuciyata bugawa haka.

Gurbin da suke zaune, wata 'yar mashiga ce ta haɗa shi da kogi. Na yi wa dutsen alama da jan farce. In kun busa jiniya kun saki ruwa, sai alamar ta nutse, su fita kiwo. In kun rage, ruwan ya sauka kamu uku, mashigar ta koma iya gwiwa, sai su dawo su yi lamo. Ashe hannunka ne ke buɗe musu hanya kullum, kai ba ka sani ba.

Jiya na ji kana gaya wa Mama ranar Laraba za ku rufe ƙofofin ruwan duka, kwana huɗu, don gyaran inji. Mashigar za ta ƙafe, gurbin ya zama kamar kwano, mafarauta masu mashi su hango su daga kan gada.

Ban san aikinku ba. Amma ƙaramar ƙofar nan ta gefe, ba a iya barin ta ko kaɗan? Ko ka yi wa babban injiniya magana?

Sau uku ina yaga wasiƙar nan, don na san daga yau ni da bakin kogi sai kallo. Na yarda. Da na yi niyyar tura ta ƙarƙashin kular abincinka in gudu. Na fasa. Ga ka can kana ɗaura takalmi, hannu da hannu zan ba ka, kuma zan tsaya har ka gama karantawa.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
'Yar Shirunka