Katin Hammadu

Birnin Gwari, ranar Litinin

Zuwa ga matata, Maman Queen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙarfin jikinki, ƙafar ta daina kumburi? Yaya 'yarmu Queen da sabuwar makaranta, da Anti Dinah da maigidanta? Ni lafiya lau, sai kewarku. Tunda har yanzu ba a dawo mana da sabis ɗin waya ba, na ba Obed direba wannan takarda ya kawo miki Kaduna.

Kwamfutar nan da na harhaɗa da hannuna, wadda kike ce wa tarkacen Benson, ta kwanta. Kin san Hammadu, mijin Huraira mai kawo mana nono. Ɓarayin daji sun kore masa shanu a wajen Dogon Dawa. Ya zo da ƙaramin katin wayarsa mai ajiye hotuna, in buga masa hotunansu a takarda, ya zaga da su kasuwanni ko wani zai gane su. Ina sa katin, na fara buɗe hotuna, sai allo ya cika da zane-zane kore da ja, ya ɗauke ɗif. Na kashe na kunna, haka. Na canza wayar allo, na aro allon ofishin coci, duk haka.

Raina ya ɓaci, don takardun jarabawar makarantarmu suna ciki. Da yamma a teburin mai shayi na saki baki, na ce katin Hammadu ya kashe mini na'ura, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsa. An yi dariya, ni ma na yi. Gobe zan goge komai in sake zuba mata manhaja.

Ki riƙa shan maganinki. Ki sumbaci Queen.

Naki har kullum,
Benson

Birnin Gwari, ranar Asabar

Maman Queen,

Ina fata kuna lafiya, ke da yarinya da mutanen gida. Na sami saƙonki da yajin da kika aiko, na gode. Amma ban iya cin abinci sosai ba, kuma zan gaya miki dalili, don in ban gaya miki ba, wa zan gaya wa?

Maganar da na yar a teburin shayi ta yi ƙafa. Kafin Laraba ta zama wai an ga hotunan gidajen mutane a katin. Kafin Alhamis ta zama wai Hammadu infoman ɓarayi ne, shanun ma shi ya miƙa wa 'yan'uwansa na daji don ya rufe ido. Kin san nauyin wannan kalma a garin nan. 'Yan sa-kai sun je rugarsa sun tafi da shi. Huraira ba ta shigo da ƙwarya ba tun ranar.

Ni kuwa ina ɗaki ina fama da na'ura. Na sake zuba manhaja, zanen bai tafi ba, alhali katinsa yana cikin aljihuna. A nan gabana ya fara faɗuwa. Na zare ƙwaƙwalwarta na goge haƙoran da abin goge fensir, na mayar, babu canji. Sai na cire wayar allo daga katin hoto, wato tsohon katin nan mai fanka da na sayo na hannu a Kaduna, wanda shi ke fitar da hoto, na soka ta kai tsaye a jikin babban faifan da duk kayan cikin na'urar ke maƙale a kansa. Maman Queen, allo ya kawo tas, kamar an wanke shi.

Na kwance katin na fito da shi haske. Kin tuna ba na rufe gefen akwatin, saboda katin ya fi shi tsawo? Zanzaro ya shiga ya gina gidansa na laka a cikin fankar, ya liƙe ta gam. Fanka ba ta juyawa, kati ya ɗau zafi. Rubutu kaɗan yana iya jurewa, amma da na buɗe hotuna masu yawa sai ya shiɗe. Ko hotunan bikinmu na buɗe, abin da zai faru ke nan. Na zauna da gidan zanzaro a tafin hannu, na ji kunya ta rufe ni har wuya.

Na ruga teburin shayi na ce musu kati ne ya lalace, amma nawa, na cikin na'urar. Wallahi kamar na zuba fetur. Ba wanda ya san akwai wani kati a cikin kwamfuta. Abin da suka ji kawai shi ne kati. Sadiq mai faci ya ce ai ga shi Malam Benson ya sake tabbatarwa, kati ne, tsoro ne ya sa yake kwana-kwana. Wani ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, suna bayana. Ni da nake koya wa yara bambancin kalma da kalma, na rasa bakin da zan raba kati biyu.

Ki sa Hammadu a addu'a. Ni kam ban san ko na cancanta ba.

Mijinki,
Benson

Birnin Gwari, ranar Talata

Maman Queen,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Queen. Ki gode wa Anti Dinah saboda ɗawainiya.

Na bi shawarar da kika aiko ta bakin Obed, cewa in daina bayani in nuna musu. Na ɗora kwamfutar da allo da batir a baro, na tura har ƙofar mai unguwa, mutane suna bina kamar mai tallan magani. A gaban shugaban 'yan sa-kai na ɗaga katin Hammadu a hannun dama, ɗan mitsitsi kamar farce, na ɗaga nawa a hagu. Na mayar da nawa cikin na'urar, na toshe fankarsa da tsinke, na buɗe hotunan Queen, allo ya zane ya mutu. Na cire tsinken, na bari ya huce, na sa katin Hammadu. Muka kalli abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Shanu ne. Farare, jajaye, maruƙa, wata ma hancinta kawai aka ɗauka. Babu gidan kowa. Na faɗa da ƙarfi cewa ni na fara maganar, ban bincika ba, kuma da sunan wani ne ba na Bafulatani ba, da ban yi saurin faɗinta ba. Ba wanda ya kalle ni. Mai unguwa ya ce a saki Hammadu.

Jiya na kai masa hotunan ruga. Na tarar an kwance bukkoki, Huraira tana ɗaure ƙore a bayan jaki. Za su koma wajen dangin uwarsa, ya ce yara ba za su iya shiga kasuwar nan ba kuma. Idonsa ɗaya a kumbure, yana zama a karkace. Ya shimfiɗa mini buzunsa, ya karɓi takardun da hannu biyu, yana kiran sunan kowace saniya a hankali.

Na shirya roƙon gafara tun daga gida, na buɗe baki ke nan ya riga ni. Ya ce, "Malam, ya jikin na'urar? An ce ta sha wahala." Na ce ta warke. Ya ce, "Madalla. Allah ya ƙara mata lafiya." Ba gatse yake yi ba, na duba fuskarsa, da na ga gatse da na ji sauƙi. Na zauna har rana ta karkata, ban iya tambayarsa nasa jikin ba.

In Queen ta tambayi Huraira, ki ce sun yi tafiya. Sauran ni zan gaya mata da bakina in ta girma.

Ki huta lafiya. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Benson