Rufin Ɗakinmu na Unguwar Jarwal

Zuwa ga Malam,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, babu mai kai takarda maƙabartar Ma'ala. Amma ina cikin takaba, ba na fita, kuma kai na saba faɗa wa labarin gida.

Alhazai sun watse, zafi ya shigo. Ɗakinmu na kan bene ya zama tanda. Daga hantsi kwanon rufin yake fara ƙara, ruwan randa ma ɗumi yake yi.

'Yarmu Binta ta dawo wurina. An kama mijinta a kasuwa saboda ba shi da igama, takardar izinin zama, an ce an sa shi a jirgin ruwa a Jidda. Cikinta ya tsufa. Ranar Juma'a ta faɗi a bakin ƙofa, sai da na yi ta kwara mata ruwa kafin ta buɗe ido. Ungozoma ta ce idan ta haihu a ƙarƙashin kwanon nan, jaririn ba zai kai suna ba.

Ka tuna ka ce da zarar an gama aikin Hajji za ka yi wa rufin shimfiɗa ta ciki? Na gan ka kana aunawa da hannunka. Ka ce tsawo kamu takwas, faɗi kamu shida. Ka ce buhunan haish, wato na algarara, a sama, tabarmar kaba a ƙasa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Daga nan ka sauka ɗaukar tsofaffi a ɗawafi, zazzaɓi ya kama ka, aikin ya tsaya.

Ni na yi lissafin. Na samo igiya na auna kamu takwas, na ƙulla, na auna shida, na ƙulla. Na aika wa amininka Malam Idi tela da ita, ya sayo buhuna da tabarmi daidai igiyar. Shi da surukinsa suka hau suka ɗaura, mu muna ƙasa wurin matar mai gida.

Bai kai ba, Malam. Ta bangon gabas an bar fili, kwano tsirara. Malam Idi ya yi ta juya igiyar yana mamaki, har ya zargi mai tabarma. Ni na gane. Da hannuna na auna. Naka ya fi nawa tsawo. Yaya aka yi na manta da wannan?

Ban yi kuka ba. Ranar da aka fita da kai ma ban yi ba. Mata suna ta yaba haƙurina, ni kuwa ba haƙuri ba ne. Ina cin abinci, ina salla, ina shara, kamar wata ce take yi ina kallonta. Haka ake ji? Ko ni kaɗai ce?

Na mayar da shimfiɗar Binta ɓangaren da aka rufe, yanzu tana samun barcin rana. Ni ina kwana ta gabas. Malam Idi ya ce zai ƙaro tabarma, na ce ba gaggawa.

Binta ta ce idan namiji ne, sunanka za a sa masa. Na ce to. Tun daga Kano, har muka ratso Sudan a ƙafa, har muka tsufa a nan, ban taɓa kiran sunanka ba. Na so in faɗe shi sau ɗaya ka ji, ko da a kunne ne. Yanzu za a raɗa wa yaro, shi ma ba zan iya kiransa da shi ba. Na ɗauki alƙalami in rubuta shi a nan, hannuna ya ƙi.

Allah Ya sanyaya makwancinka. Sai na zo.

Matarka,
uwar Binta