Mun Riga Kowa Zuwa Rumfar Zaɓe, Mun Koma Gida da Ƙuri'unmu

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da shirin zaɓe a yankinmu na Agege,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ranka ya daɗe, ban san ko kana jin Hausa ba, amma na san ba za a rasa mai karanta maka ba.

Ni mai koyar da matan aure karatun Alƙur'ani ce a tsakar gidan da muke haya, maigidana kuma mahauci ne. Ban saba ɗaga murya ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne zaɓen shugaban ƙasa na ƙaratowa, ɗalibaina suna tambayata ko za mu fita, ni kuwa na rasa amsar ba su.

Na farko. A zaɓen da ya wuce ni na tara su, na ce kowace ta ɗauko katinta mu yi sammako, kafin azahar mun dawo. Da bakina na faɗa. Mu tara muka fito bayan sallar asuba, da ƙafa, tunda ranar ba motar haya ta danfo ba keke napep. Har da Inna Rabi, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke dogara sanda. Muka iske rumfar ba kowa.

Na biyu. Da maza suka fara taruwa sai muka yi abin da muka saba. Muka ja gefe muka jera a gindin katanga, yadda ake yi a garuruwanmu na arewa: layin maza daban, na mata daban, a ɗauki ɗaya nan, a ɗauki ɗaya can. Ba wanda ya sa mu. Maƙwabciyata Iya Basira ma ta yafito ni daga cikin layi, ta ce, "Malama, nan Legas ce fa, layi ɗaya ne, ku shigo." Na ce mata idan ma'aikata suka zo za su gane. Wannan kuskurena ne, ba na ɗora wa kowa.

Ma'aikatan ba su iso ba sai da rana ta take. Na je na yi wa shugabarsu, wata yarinya, bayani da ɗan Yarbancin da na iya. Ba ta wulaƙanta ni ba, wannan shaida zan yi mata ko a gaban Allah. Cewa ta yi ba a ba ta umarnin layi biyu ba, kuma idan ta fara da mu mutane za su taso mata. Wasu maza suka shaida cewa sun tarar da mu, wasu suka kawar da kai. Muka koma can ƙarshe, bayan waɗanda sai da suka karya kumallo a gida suka fito.

Na uku. A zaune bakin kwata Inna Rabi ta yi azahar. Bayan la'asar, saura mutum kaɗan a gabanmu, hayaniya ta tashi daga titin baya. Ban ga abin da ya faru ba, don haka ba zan faɗa ba. Jama'a suka watse a guje, aka bangaje tsohuwa ta faɗi, sandarta ta ɓata. Ni da Iya Basira muka riƙo ta har gida. Cikin mu tara babu wadda ta dangwala. Inna Rabi ta daɗe ba ta zo karatu ba. Ranar da ta dawo ba ta zarge ni ba, dariya kawai ta yi ta ce, "Malama, azahar ɗin nan taki ta yi nisa." Har yau maganar na ci mini rai.

Ranka ya daɗe, ka ga inda nake. Idan na ce su fito aka sake yin haka, alhakin tsohuwar nan a wuyana yake. Idan na ce su zauna, na hana su haƙƙinsu, shi ma za a tambaye ni.

Roƙona guda uku ne. A sanar da mu tun kafin ranar, da Hausa, ko ta bakin masu unguwa ko a masallatai: layi ɗaya ne ko biyu? Idan ɗaya ne za mu shiga, mu tsaya a jere da junanmu, ba gardama. Sannan a faɗa wa ma'aikata a fili cewa tsofaffi da masu juna biyu su ake fara sallama, don kada nauyin ya rataya a kan yarinya ɗaya mai tsoron taro. Na ƙarshe, a zo a kan lokaci. Sammakonmu ba shi da amfani idan teburin ma'aikata bai iso ba.

Ba na neman a fifita mu a kan kowa, ban kuma tambayi ɗalibaina wa za su zaɓa ba.

Allah ya dafa maka, ya ba ka ikon riƙe amana, ya sa a yi lafiya a gama lafiya.

Jiya Inna Rabi ta kwance bakin zanenta ta nuna mini katinta, ta ce ta yi sabuwar sanda, ƙarfe nawa za mu fita? Na ce ta ɗan dakata, na aika tambaya. Ina jiran abin da zan faɗa mata.

Wassalam.

Malama Hauwa,
Agege, Legas.